Daga Kogin Hamble Zuwa Yarmouth A Kwalekwalen Yayana

A Ingila, idan kana da kuɗinka, kana iya sayen kwalekwale mai inji da safe ka jefa shi teku da la'asar, ba wanda zai tambaye ka lasisi. Mota sai da jarrabawa, babur sai da jarrabawa, hatta rediyon oba-oba da ke cikin jirgin sai kana da takardar shaidar iya aiki da shi, amma tuƙa jirgin shaƙatawa na ƙashin kanka a teku, doka ta bar ka da hankalinka. Ta wannan ƙofar yayana ya shiga. Ya sayi irin kwalekwalen nan da ake kira RIB, mai taurin ƙasa, gefensa kuma roba ce da ake hura wa iska. Tsawonsa mita shida da rabi, da inji mai ƙarfin doki 150 rataye a baya. Matarsa ce ta kafe, ta ce ba ita ba shiga, ba 'ya'yanta ba, sai wanda ya san aikin ya zauna da shi ya nuna masa. Shi ya sa ya ɗauko malamar tuƙi, ni kuma da na je masa ziyara ya ce in zo in cike kujera.

Shirin shi ne mu tashi daga kogin Hamble, mu tsallaka mashigin Solent zuwa Cowes a tsibirin Wight, mu yi yamma zuwa Yarmouth, in hali ya yi mu leƙa fararen duwatsun nan na Needles da ke ƙarshen tsibirin. Yaya dai Needles ɗin yake so, don ya riga ya yi wa abokansa alkawarin hoto.

Hamble ƙaramin kogi ne, amma jiragen da ke ɗaure a cikinsa sun fi ƙarfin ƙirge. A nan ne hedikwatar RYA take, ƙungiyar da aka kafa a 1875, wadda ke tsara yawancin kwasa-kwasan tuƙin jiragen shaƙatawa a Birtaniya. Malamarmu takardarsu gare ta. Mace ce mai ƙarancin magana, fuskarta duk iskar teku ta dafa ta, kuma tun daga gaisuwa ta laƙaba wa Yaya sunan Kyaftin, abin da ya yi masa daɗi har ya manta da cewa umarni za a yi ta ba shi.

Ba ta bari an kwance igiya ba sai da aka duba man inji, aka duba fetur, aka tayar da inji aka tsaya ana kallon siririn ruwan da ke tsartuwa daga gefensa. Wannan tsartuwar ce shaidar cewa famfo na jawo ruwan da ke sanyaya inji. In ba ta fito ba, a kashe kawai. Ta bi rigunan kariyarmu ɗaya bayan ɗaya ta ɗaure maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi, wanda yawancin mutane ke bari yana reto, alhali in babu shi rigar kan taso ta rufe fuska da zarar an faɗa ruwa. Ta ce ruwan da ɗuminsa ya gaza digiri 15 yakan sa mutum ya ja numfashi ba da sonsa ba a minti na farko, kuma a wannan mintin ne gwanayen iyo ke shaƙar ruwa. Rigar ce ke riƙe kai a sama har numfashi ya daidaita.

Daga nan ta ɗauko wata jar igiya mai lanƙwaye-lanƙwaye, ta maƙala bakinta ɗaya a makunnin inji, ɗayan ta zagaya shi a cinyar Yaya, sama da gwiwa. Ta ce ya tashi ya matsa. Yana matsawa igiyar ta fizge, inji ya mutu nan take.

Yaya ya ce, “Malama, ai ni a zaune nake, ina zan je?”

Ba ta yi masa gardama ba, labari ta ba shi. A watan Mayun 2013, a bakin kogin Camel kusa da Padstow, iyali guda su shida suna cikin irin wannan jirgin, aka karya kwana da gudu, jirgin ya watsar da su duka a ruwa. Inji bai mutu ba. Jirgin da ba kowa a sitiyarinsa kuma ba ya tafiya miƙe, zagaye yake yi, yana dawowa kan mutanen da ya zubar da farfela tana juyawa. Uban da 'yarsa mai shekara 8 suka rasu, wasu suka sami munanan raunuka. Hukumar binciken haɗurran jiragen ruwa ta Birtaniya, MAIB, ta gano cewa ba a ɗaura wannan igiyar ba. A Amurka tun daga Afrilun 2021 doka ta wajabta amfani da ita a jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba idan ana gudu. Yaya bai ƙara cewa komai ba, ya miƙa ƙafa aka mayar masa da ita.

Na zaci da mun kwance sai teku. Ashe rabin safiyar a cikin kogi za mu ƙare ta, muna tafiyar da mai sauri a ƙafa zai iya jerawa da mu. Dokar kogin ma ba ta yarda a wuce mil 6 na teku a awa ba, mil ɗin teku kuwa kilomita 1.852 ne. Malama ta sa Yaya ya yi ta matsawa jikin wani dandamali mai iyo yana ja da baya, ya matsa, ya ja da baya. A nan na ga yadda shekarun tuƙin mota ke zame wa mutum kaya. Mota da gaba take juyawa, jirgi da baya. In ka karya sitiyari dama, injin ne ke ture bayan jirgin zuwa hagu, jirgin ya juya a kan wani wuri da ke wajen sulusin tsawonsa daga goshi. Saboda haka mai son barin dandamali, in ya karya sitiyari kamar a mota ya ba da wuta, goshin zai fita lafiya, bayan kuma ya gwabza wa dandamalin. Yaya ya yi hakan, robar gefe ta yi ƙara, wani dattijo da ke wanke jirginsa ya ɗago kai ya dube mu ya mayar.

Sannan babu birki. Sannan in inji ba ya cikin giya, sitiyarin kusan ado ne, domin turin farfela shi ne ke juya jirgin. Abin da ta yi ta nanatawa ke nan: “Kyaftin, sitiyari tukuna, sannan giya.” A karya sitiyari inda ake so, a sa giya na daƙiƙa ɗaya ko biyu, a cire, a jira a ga abin da jirgi ya yi. Kafin kowace matsawa takan sa shi ya tsaya ya dubi jiragen da ke ɗaure a tsakiyar kogi, ina suka fuskanta, ya dubi tutoci, ya faɗa mata tsakanin iska da gudun ruwa wanne ya fi ƙarfi. Wanda ya fi ƙarfi shi ake fuskanta, domin shi ne birkin da ba a saka wa jirgin ba. Yaya ya gaji, na ga alama, yana ta satar kallon bakin kogi. Ni kuwa a ganina wannan ne sashen da ya fi cancantar kuɗin da ya biya. Gudu kowa ya iya, tura hannun totur ne kawai.

Da muka wuce alamun ƙarshe na kogi muka shiga faffaɗan ruwan Southampton, matatar mai ta Fawley na hango mu daga ɗaya gaɓar, ta ce to, yanzu. Ta sa ya waiwaya ya dubi baya da gefe, ya faɗa da ƙarfi cewa kowa ya riƙe, ya danna maɓallin da ke kwantar da ƙafar inji, wato sashensa da ke cikin ruwa mai ɗauke da farfela, ciki sosai, sannan ya tura totur ba tare da ɗar-ɗar ba.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa. Jirgin da ke ratsa ruwa yana ture shi gefe yana da iyakar gudu da tsawonsa ya yanka masa, domin shi da kansa yake haifar da igiyar ruwa a gabansa, kuma yana ƙara gudu igiyar na ƙara tsawo har ya zama yana zaune a cikin ramin da ya haƙa. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne a ɗauki tushen murabba'in tsawon jirgi a ruwa, da ƙafa, a ninka da 1.34. Ga jirgi mai ƙafa 20 amsar ta kama mil 6. In ka matsa masa ya wuce nan, sai goshi ya tashi sama, baya ya nutse, inji na gurnani, mai na ƙonewa, ga wata ƙatuwar igiya yana ja a baya tana girgiza duk wanda ke kusa. Na 'yan daƙiƙu ban ga komai a gabanmu ba sai sararin sama. Sai kuma goshin ya sauko, ƙarar inji ta sake, jirgin ya hau kan ruwan yana sulɓi. Malama ta sa ya rage wuta kaɗan, kuma gudun bai ragu ba. Ta ce wancan tsakanin, inda goshi ke sama, shi ne mafi munin wurin zama: ba ka gani, ba ka sauri, kana shan mai. Sababbin masu jirgi kuwa a nan suka fi son zama, don suna ganin rabin totur shi ne taka-tsantsan.

Daga nan aka shiga wasa da ƙafar inji. Ana ɗaga ta kaɗan-kaɗan sai goshi ya ɗan saki ruwa, sitiyari ya yi sauƙi a hannu, allurar juyin inji ta hau ba tare da an taɓa totur ba. Yaya ya ji daɗin abin ya zarce, sai jirgin ya fara sallama, goshi sama, goshi ƙasa, a jere. Ta ce ya mayar kaɗan, ya lafa. Da ya zo karya kwana da ƙafar a sama, inji ya yi kururuwa jirgin kuma ya saki, domin farfela ta jawo iska daga saman ruwa tana juyawa a banza. Maganinsa a rage gudu a kwantar da ƙafa kafin kwana. Ta kuma nuna mana arewa da hannu, wajen Netley, inda a watan Agustan 2020 wani jirgin yawon buɗe ido irin namu ya ratsa sawun jirgin fito da gudu ya daki gangar alama ta ƙarfe, yarinya mai shekara 15 ta rasu. A gudun mil 30 jirgi na cin fiye da mita 15 a daƙiƙa guda. Wanda ya sunkuya ya dubi allon taswira na daƙiƙa biyar ya yi tafiyar mita 75 ido rufe.

Kusa da Calshot muka tsaya cak, don wani jibgegen jirgin kwantena na fitowa. Hukumar tashar Southampton ta yi doka a wannan yanki: duk jirgin da ya haura mita 150 yana tafe da haramtaccen fili, mita 1,000 a gabansa da mita 100 a kowane gefe, kuma ƙaramin jirgi ba ya shiga ciki. Muna jin masu kula da zirga-zirga a tasha ta 12 ta oba-oba suna magana da matuƙinsa. Daga nesa sai ka rantse a tsaye yake, sai ka dubi farin kumfan da ke goshinsa. Kuma ba miƙe zai tafi ba, dole ya yi wata babbar kwana ya kewaye tudun yashin Bramble da ke tsakiyar Solent, abin da ke ruɗar baƙo ya ɗauka ya kauce alhali ya shiga gabansa. Tudun nan da kansa abin kallo ne. Yakan fito fili idan teku ta janye sosai, har ƙungiyoyin masu jirage biyu kan je su buga wasan kurket a kansa sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya dawo. A Nuwamban 2008 babban jirgin fasinjan nan QE2 ya taɓa ƙasa a nan, a Janairun 2015 kuma jirgin dakon motoci Hoegh Osaka ya karkace a kwana ya ƙare a kansa. Su ma manyan jiragen suna jan abin da ke kusa da su. Ranar 10 ga Afrilu, 1912, da Titanic ke barin Southampton, ruwan da ya ture ya tsinke igiyoyin wani jirgi mai suna New York ya jawo shi, saura ƙiris su yi karo tun ba a bar gida ba.

A hanyar Cowes ta yi wa Yaya bitar dokokin kauce wa karo na duniya, waɗanda aka amince da su a 1972. In kun yi gaba da gaba, kowa ya karkata dama. In hanyoyinku za su gitta, wanda ya ga ɗan'uwansa a damansa shi ke ba da hanya. Mai inji na kauce wa mai filafilai. A Turai in kana shiga tasha jar alama na hagunka, koriya na damanka, a Amurka kuma akasin haka ne. Bakin Cowes ya ba shi damar gwada duka a lokaci guda, ga jiragen fito, ga yara a ƙananan jiragen filafilai suna yawo ba tsari.

Cowes gari ne da ya rayu a kan tsere. Makon tseren jiragen filafilai na garin ya faro tun 1826, a 1961 kuma Sir Max Aitken ya ƙirƙiro tseren jiragen inji daga nan zuwa Torquay. Shekara guda kafin haka wani jirgi mai suna Moppie, na Richard Bertram, zanen Raymond Hunt, ya lashe tseren Miami zuwa Nassau a cikin teku mai hauka. Sirrinsa ƙasan jirgin ne, mai tsini kamar harafin V tun daga goshi har baya. Shimfiɗaɗɗen ƙasa ya fi saurin hawa kan ruwa kuma ya fi tsimin mai, amma yana marin igiyar ruwa har haƙora su kaɗa. Mai tsinin yanka ta yake yi, sai dai yana neman inji mai ƙarfi kuma yana rangaji in an tsaya. Malama ta sa muka leƙa bayan jirgin Yaya muka ga nasa V ɗin. Jikan Moppie ne, ta ce, kuma nan gaba kaɗan za mu gode masa.

Ba ta yi ƙarya ba. Muna juyawa yamma, ruwan da ke kwance da safe ya tashi tsaye. Teku ta fara janyewa, a yammacin Solent kuwa janyewa yamma take gudu, iska kuma daga kudu maso yamma take busowa. Idan iska da gudun ruwa suka yi gaba da gaba, igiyoyin kan matse, su gajarce, su yi tsayi, kowace da farin kai. Iskar ba ta ƙaru ba ko kaɗan, alkiblar ruwan ce kawai ta juya. Yaya ya shiga da gudun da ya saba, muka tashi sama muka faɗo, na ji bugun tun daga ƙugu har ƙeya.

Na ce, “Yaya, a yi mana a hankali, bayan nan guda ɗaya gare ni.”

Malama ta karɓi sitiyari ta nuna. Hannunta ɗaya bai bar totur ba. Ta kwantar da ƙafar inji don tsinin goshi ya riƙa shiga ruwa, tana ba da wuta a hawan igiya, tana sassautawa dab da ƙololuwa don kada jirgin ya yi tsalle, tana sake bayarwa a gangara don goshi ya ɗago kafin ta gaba. Ba ta kuma tunkarar su kai-tsaye, takan ɗan karkace ta yi tafiyar zikzak, abin da ke tsawaita tazarar da ke tsakanin igiya da igiya. Ta ce mu ɗan ɗaga daga kujera mu sassauta gwiwa. Gudunmu ya ragu da kusan rabi, amma bugun ya ɗauke. Da ta mayar wa Yaya, ya ɗauki lokaci kafin hannunsa ya kama kiɗan, da ya kama kuwa sai ga shi yana murmushi, gishiri duk ya bushe masa a gira.

Daga bakin Yarmouth ana hango ganuwar Hurst, wadda Sarki Henry na Takwas ya gina a shekarun 1540, inda aka tsare Sarki Charles na Ɗaya a 1648. A nan mashigin ke tsukewa bai kai mil guda ba, duk ruwan yammacin Solent ta nan yake fita, gudunsa kan haura mil 4. Ko daga inda muke muna ganin farin layin da ya gitta wurin. Bayansa ga tudun tsakuwa na Shingles a dama, sannan Needles da hasumiyar fitilarsu ta 1859.

Malama ba ta ce kada a je ba. Ta tambayi Yaya man da ya rage, ta tuna masa ƙa'idar kashi uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Kokawa da igiyoyi ta ci fiye da lissafinsa na safe. Ta tambaye shi in inji ya tsaya a tsakiyar wancan farin layin, ina ruwa zai kai mu. Ya dubi taswira, ya dubi agogon mai, ya dubi Hurst.

Ya ce, “Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Mu shiga Yarmouth.”

Shigar ma sai da dabara, don ruwa na gudu a gicciye a bakin tashar, ga jirgin fiton Lymington na shirin fita. Yaya ya jira ya wuce, ya nufi sama da inda yake so, ruwa ya sauko da shi daidai ƙofa. A dandamali ya dubi tutoci da kansa, ya karya sitiyari, ya sa giya, ya cire. Robar ko ƙara ba ta yi ba. Muka zauna muna jiran teku ta juyo.

Da ta juyo, iska da ruwa suka koma tafiya gabas tare, mashigin da ya jijjiga mu ya kwanta lumui. A nan Yaya ya kawo ƙorafin da ke cinsa tun sayen jirgin: yana ganin injin ya yi masa kaɗan, yana tunanin canza shi da mai doki 200. Malama ta sa ya nemi fili, ya duba ko'ina, ya tura totur har ƙarshe na ɗan lokaci. Allura ta tsaya a juyi 4,800 a minti, agogon mai na nuna fiye da lita 50 a awa, ninki biyu na abin da muke sha a matsakaicin gudu. Littafin injin kuwa ya ce a cikakkiyar wuta ya kamata ya kai tsakanin 5,000 da 6,000. Ta ce injin lafiyarsa ƙalau, farfelar ce ta yi masa nauyi, kamar mai keke da ya sa babbar giya a hawan tudu. Kowace farfela tana da takun da take ci a juyi guda, ana auna shi da inci, kuma rage inci ɗaya kan ƙara juyi 150 zuwa 200. Injin da ba ya kaiwa adadinsa yana wahala ko a matsakaicin gudu, yana kuma jinkirin hawa kan ruwa, musamman ranar da aka ɗebo iyali da kaya. Kafin ya sayi komai, ta ce, a fitar da jirgin a kankare gansakuka da ƙananan kwansa da suka manne a ƙasansa, a kwashe tarkacen da ya tara a akwatunan baya, a sake gwadawa. In har yanzu bai kai ba, a sauko da inci biyu.

Muna shiga Hamble, jar alama a hagu, Yaya ya mayar da totur zuwa mil 6 tun kafin a ce masa. Bayan an ɗaure jirgi an wanke cikin inji da ruwan daɗi, ya ɗaga ƙafar injin sama, ya durƙusa a dandamali da fitilar waya yana neman lambar da aka buga a jikin farfela. Ya karanto 21, ya ce in rubuta masa 19 da alamar tambaya.